Matakala Uku

Matakala uku ne a ƙofar ajin su Habsu.
Da baya na ƙirga su, ba da ido ba,
don kullum safiya ni ke goya ta in hau,
ita da jakarta da allonta,
keken kuwa mu bar shi gindin bedi
yana jira kamar jakin da aka ɗaure a kasuwa.

Shekararta tara. Ta fara nauyi.
Ta kuma fara kunya, wadda ta fi ta nauyi.
"Baba, sauke ni nan, kar su gani."
In sauke ki ina, ƴata? A kan iska?

Mushe Lawali ya ce in je wurin magajin gari,
akwai ofishin da ke duba irin waɗannan yara.
Na rufe rumfar walda ran Talata,
na bar ƙofar wani rabi a ƙasa,
na sa rigar Juma'a.

Ofishin yana bisa bene.
Na tsaya tsakar hawa ina dariya ni kaɗai:
ashe mai maganin ma yana da ciwon.

Suka ce takarda, na kawo.
Suka ce hoton yarinya, na kawo.
Suka ce takardar likita mai hatimi,
suka ce mai sa hannu ya tafi Tibiri gaisuwa,
suka ce kuɗin bana sun ƙare
tun gero bai fid da kai ba.
Sau bakwai na hau, sau bakwai na sauko,
har mai gadi ya san ni da Baban Matakala.

A na takwas wata kansila, Madam Zuwaira,
ta rufe takardun ta ce, "Wace lakwal ce?"
Kabu-kabu biyu muka hau zuwa Bagalam.
Ta roƙi Habsu aron kekenta,
ta zauna, ta tura, taya ta daki siminti.
Ta ja baya, ta sake, ta daki siminti.
Yara suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba.
Ta ce, "Tun yaushe?"
Habsu ta ɗaga yatsu uku, shekara ke nan.

Buhu huɗu suka aiko, da amalanke biyu na yashin gulbi.
Ba yawa, amma da hanau gara mannau.
Tsayabu magini ya ƙi karɓar ko dala.
Ƙarfen dafawa ni na haɗa da dare
lokacin da wuta ta ga dama ta dawo.
Gangaren farko ya yi tsaye da yawa,
muka fasa, muka sake, muna ta faɗa da juna.

Ran Litinin ta kama tayoyi da kanta.
A tsakiya ta tsaya, damtsenta na rawa.
Na miƙa hannu.
Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Bari."
Na bari.
Ta shige aji, ta bar ni a rana
da hannuwa biyu da ban san inda zan ajiye su ba.

Sai dai har yau ba ta shan ruwa da safe,
don ƙofar makewayi ta yi wa keke ƙunci.
Kuma ɗan mai furar bakin titi, wanda ba ya ji,
yana nan jikin taga yana karanta leɓen malam,
ba wanda ya san maganar hannu a lakwal ɗin.

Takardar tana aljihun rigar Juma'a.
Na ƙara layi biyu a ƙasanta.
Mai ƙofa, ka yi haƙuri da ni,
Talata mai zuwa ma rumfa a rufe take.